Koguna da Yaƙe-yaƙen Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya buɗe taswirar Amurka, ya sa ɗigo a duk inda aka gwabza babban faɗa tsakanin shekarun 1750 da 1870, zai ga ɗigogin sun jeru a bakin ruwa kamar masunta. Ga wasu tambayoyi da mai karatu kan yi a kan wannan batu.

Me ya sa da wuya a ba da labarin yaƙi a can ba a ambaci kogi ba?

Saboda kogi shi ne titi. A wancan zamani yawancin ƙasar kurmi ne da duwatsu da fadama. Soja zai iya kutsawa da ƙafa, amma igwa da albarushi da buhunan gari ba sa kutsawa. In a keken doki aka ɗora su, dawakin su ma sai sun ci, har ta kai rabin kayan da ke kan keken abincin masu jan sa ne. Jirgi guda kuwa yakan kwashi abin da jerin kekuna za su ɗauka, kuma ba ya neman harawa.

Ga kuma girman ruwan kansa. Misisipi da rassansa suna tattara ruwan jihohi 31 na yau. Manomin da ke can ciki ba shi da hanyar kai hatsinsa kasuwar duniya sai ya gangaro da shi zuwa New Orleans, kusa da inda kogin ke faɗawa teku. Neman wannan birni ne ya kai Amurka ga sayen yankin Louisiana gaba ɗaya daga hannun Faransa a 1803, a kan dala miliyan 15.

Mece ce ma'anar kalmar Fort da ke gaban sunayen wurare da yawa?

Sansanin soja ne mai ganuwa. Na farko-farko kagara ce kawai ta gungumen itace da aka kafa a tsaye, ta ishe ka tsari daga kibiya da harsashi amma ba daga igwa ba. Daga baya aka riƙa tara ƙasa, aka kuma yi na tubali. Wurin da ake zaɓa bai wuce uku ba: mahaɗar koguna, ko kwana inda dole jirgi ya rage gudu, ko tudu mai leƙen ruwa.

Abin mamaki, tulin ƙasa ya fi tubali jimiri. A Afrilun 1862 aka fasa bangon Fort Pulaski, a bakin kogin Savannah, cikin awa 30 da sabbin igwogi masu murɗa harsashi, alhali kaurin bangon ya haura mita biyu. Ƙasa kuwa haɗiye harsashi take yi, da dare a zo da shebur a cike ramin.

Da gaske ne rikici a kan mahaɗar ruwa ɗaya ya jawo yaƙi tsakanin Ingila da Faransa?

Shi ya kunna wutar. Inda Allegheny da Monongahela suka haɗu suka zama kogin Ohio, kamar yadda Neja da Binuwai ke haɗuwa a Lakwaja, nan ne ƙofar shiga tsakiyar nahiyar. Faransawa suka gina Fort Duquesne a wurin a 1754. Gwamnan Virginia, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Ingila, ya tura wani matashin hafsa ɗan shekara 22, George Washington, wanda ya yi wa wata 'yar tawagar Faransawa kwanton ɓauna, sannan su ma suka ritsa shi, ya miƙa wuya a farkon Yuli.

Shekara ta zagayo, Janar Edward Braddock ya taho daga Ingila da niyyar gama magana. Sai da mutanensa suka yi ta sarar daji suna buɗe wa igwogi hanya. Ranar 9 ga Yuli 1755, sun ƙetare Monongahela ke nan, saura 'yan kilomitoci su isa sansanin, sai suka yi kiciɓis da Faransawa da mayaƙan ƙabilun yankin. Waɗannan suka bazu cikin itatuwa suna harbi, Turawan Ingila kuwa suka cunkushe a kan 'yar hanyarsu da jajayen riguna. Cikin mutum kusan 1,400, kimanin kashi biyu bisa uku aka kashe ko aka raunata, Braddock kansa ya cika bayan kwana huɗu. Washington ya fita da huji huɗu a rigarsa, an kuma harbe dawaki biyu a ƙarƙashinsa. Sai a 1758 Faransawa suka banka wa sansanin wuta suka janye. Ingila ta gina Fort Pitt a gurbin, kuma birnin Pittsburgh ne a wurin yau.

Me ya sa ake yawan zuzuta ƙetare kogin Delaware da Washington ya yi?

Domin a lokacin tura ta kai bango. A ƙarshen 1776, ana tsaka da yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka daga Ingila, wanda Washington ke jagoranta, an fatattaki rundunarsa daga New York, an bi ta har ta tsallaka Delaware zuwa Pennsylvania. Dabarar da ta cece shi ita ce kwashe duk wani jirgi da ke gaɓar, don kada a biyo shi. Wa'adin aikin sojojinsa da yawa zai ƙare ranar 31 ga Disamba, kowa ya kama hanyar gida. In bai yi wani abu cikin mako guda ba, rundunar ma za ta watse ba tare da an harbe ta ba.

Daren 25 ga Disamba ya tara mutum kimanin 2,400 da igwa 18 a wata mashigar fito. Jiragen da aka yi aiki da su na dakon ƙarfe ne, dogaye, wasu sun kai mita 18, ana tura su da gora. Masu tuƙin kuwa sojojin John Glover ne, masunta da matuƙan jirgi daga garin Marblehead, mutanen da ruwa ya zame musu gida. Sojoji a tsaye suka yi fiton, don ƙasan jirgin ruwan sanyi ne. Gutsattsarin ƙanƙara na gangarowa suna dukan jiragen, iska na watsa musu ruwa da dusar ƙanƙara a fuska, ga dawaki da igwogi da za a lallaɓa a hau da su kan faffaɗan jirgin fito cikin duhu. An tsara a gama da tsakar dare, ba a gama ba sai wajen ƙarfe uku. Wasu rundunoni biyu da aka ce su ƙetara ta ƙasa, ƙanƙara ta hana su.

Daga nan suka taka kimanin kilomita 15 zuwa Trenton. A hanya aka aiko wa Washington cewa bindigogi sun jiƙe, ya ce a yi da wuƙar bakin bindiga. Ƙarfe takwas na safe suka afka wa sojojin hayar Jamus da Ingila ta ajiye a garin. Aka kama kusan 900, kwamandansu Johann Rall ya mutu da rauninsa. Cikin 'yan kaɗan da suka ji rauni a ɓangaren Amurka har da James Monroe, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyar. A ma'aunin yaƙi ƙaramin faɗa ne. Amfaninsa shi ne ya sa wasu sojoji suka yarda su ƙara makonni, ya kuma dawo wa mutane da zuciya.

Labarin nan da ake yaɗawa cewa Jamusawan sun bugu da giyar Kirsimeti, masana tarihi ba su yarda da shi ba. Gajiyar sintiri ce ta kwantar da su, suna ganin ba mai hankalin da zai fito a irin wannan dare.

Shahararren zanen nan na Washington tsaye a cikin kwalekwale fa, haka abin ya faru?

A'a. Emanuel Leutze ya zana shi a 1851 a Jamus, shekara 75 bayan faruwar abin. Jirgin ya yi ƙanƙanta, gari ya waye a zanen alhali da dare aka yi fiton, tutar da ke ciki kuma ba a amince da ita ba sai Yunin 1777. Tsayuwar da mutane ke yi wa dariya ita ce ma ta fi kusa da gaskiya.

An ce an taɓa ɗaure kogi da sarƙa. Yaya aka yi?

An yi, a kogin Hudson. Tunanin Ingila shi ne in ta riƙe Hudson daga New York zuwa arewa, ta raba 'yan tawayen gida biyu. Yunƙurinta daga Kanada ya mutu a Saratoga a Oktoban 1777, inda Janar Burgoyne ya miƙa wuya, abin da ya sa Faransa ta fito fili ta mara wa Amurka baya. Duk da haka Amurkawa ba su saki jiki ba. A 1778 suka ƙera sarƙa mai tsawon kusan mita 550 da nauyin tan 65, kowane zobe ya haura kilo 50, suka shimfiɗa ta a kan gungume masu iyo daga West Point zuwa tsibirin da ke tsallake. Wurin kwana ce mai kaifi, jirgi mai tafiya da iska dole ya sassauta, ga igwogi a kan tudu suna jiran sa. In sanyi ya gabato a naɗe ta, in ƙanƙara ta narke a mayar.

Jirgin Ingila ko ɗaya bai taɓa gwada ta ba. Sai suka bi ta bayan gida, suka sayi kwamandan wurin, Benedict Arnold, a kan alkawarin fam 20,000. A Satumban 1780 manzonsu John André ya zo a jirgin yaƙi suka gana. Kafin ya koma, wasu sojojin Amurka suka buɗe wa jirgin wuta daga gaɓa, ya ja baya, André ya rasa mafita sai ta ƙasa. Aka tare shi, aka sami taswirar sansanin a cikin takalminsa, aka rataye shi. Arnold ya ranta a na kare. A wannan tudu ne aka kafa makarantar horar da hafsoshin Amurka a 1802.

Ina labarin 'yan asalin ƙasar a duk wannan?

Kogunan nasu ne tun kafin zuwan kowa, sunayen ma shaida ne: Misisipi, Ohio, Potomac, Tennessee, duk daga harsunansu aka samo. Mafi munin kashin da sojan Amurka ya taɓa sha a hannunsu a bakin kogin Wabash ne, ranar 4 ga Nuwamba 1791, lokacin da mayaƙan Miami da Shawnee da ƙawayensu, ƙarƙashin Little Turtle da Blue Jacket, suka kashe sojojin Janar St. Clair sama da 600. Wannan ya ninka na faɗan Little Bighorn na 1876, inda aka kashe hafsan Amurka George Custer da mutanensa, fiye da sau biyu, duk da cewa na Custer ɗin ne ya yi suna.

Amma ruwan da suka dogara da shi ya sha zame musu tarko. A 1814 mayaƙan Creek kimanin 1,000 suka yi sansani a wata kwanar kogin Tallapoosa mai siffar kofaton doki, ruwa ta gefe uku, ganuwar itace ta gefe ɗaya, kwalekwalensu a baya don gudun ko-ta-kwana. 'Yan ƙabilar Cherokee da ke tare da Janar Andrew Jackson na Amurka suka yi iyo suka kwance kwalekwalen. Kimanin 800 aka kashe a ranar, kuma yarjejeniyar da ta biyo baya ta ƙwace wa Creek fili eka miliyan 23, har da na waɗanda suka taya Jackson faɗan.

Gaskiya ne an yi yaƙin New Orleans bayan an riga an sulhunta?

An sa hannu a kan yarjejeniyar kawo ƙarshen yaƙin da ya ɓarke tsakanin Amurka da Ingila a 1812 a birnin Ghent ranar 24 ga Disamba 1814, aka yi faɗan ranar 8 ga Janairu 1815, labari bai tsallako teku ba tukuna, kuma yarjejeniyar ba ta fara aiki ba sai a Fabrairu. Jackson ya ja ganuwar laka daga gaɓar Misisipi zuwa fadama, bai bar wa Turawan Ingila hanya ba sai fili fetal. Sun yi asarar mutum sama da 2,000 tsakanin matattu da raunanu da kamammu, Amurkawa ba su kai 100 ba.

Me ya sa wasu faɗace-faɗacen yaƙin basasa suke da suna biyu?

A yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, wanda aka yi tsakanin jihohin Arewa da na Kudu masu neman ɓallewa, 'yan Arewa sukan kira faɗa da sunan ruwan da ke kusa, 'yan Kudu da sunan gari. Bull Run da Manassas abu ɗaya ne, haka Antietam da Sharpsburg. Manyan rundunonin Arewa ma sunan koguna suka ci: Potomac, Cumberland, Tennessee, James.

Wane amfani jiragen ruwa masu sulke suka yi wa Arewa?

Kogunan Tennessee da Cumberland da Misisipi tamkar ƙofofi ne a buɗe zuwa cikin Kudu. Wani injiniya mai suna James Eads ya ƙera jiragen tururi bakwai masu faɗin ciki, waɗanda ba sa buƙatar ruwa mai zurfi, aka lulluɓe su da faranten ƙarfe. Babban gwajinsu na farko a Fort Henry ne, 6 ga Fabrairu 1862. Sansanin a kwari aka gina shi, kogi ya cika ya shanye wasu igwoginsa. Da aka zo karɓar miƙa wuya, a kwalekwale hafsoshin Arewa suka shiga ta ƙofar sansanin. Bayan kwana goma Fort Donelson ya faɗi ga Janar Ulysses Grant na Arewa da fursunoni sama da 12,000, ko da yake a can igwogin tudu sun ragargaji jiragen, sojan ƙasa ne ya gama aikin. Kafin watan ya ƙare Nashville ta shiga hannu.

Mene ne muhimmancin Vicksburg?

Bayan David Farragut, kwamandan jiragen ruwan Arewa, ya kutsa tsakanin sansanoni biyu ya kama New Orleans a Afrilun 1862, aka kuma kama Memphis, abin da ya rage wa Kudu a Misisipi shi ne tsakanin Vicksburg da Port Hudson. Ta nan shanu da gishiri da sauran kaya ke tsallakowa daga Texas da Arkansas da yammacin Louisiana. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 60, kogin ya yi kwana a gindinsa, arewacinsa kuma fadama ce da ba ta takuwa.

Grant ya shafe watannin sanyi yana neman hanya. Ya sa aka yi ta haƙa magudana don a karkatar da kogin ya kauce wa igwogin garin, ruwa ya ƙi bi. Aka fasa madatsa, aka tura jirage cikin ƙoramu inda rassan itatuwa ke karya musu bututun hayaƙi. Duk a banza. Daga ƙarshe ya taka da sojojinsa ta gaɓar yamma zuwa kudu da garin, ya roƙi David Porter, mai jagorantar jiragen Arewa a kogin, ya biyo da jirage ta gaban igwogin. Daren 16 ga Afrilu 1863 suka taho a jere, fitilu a kashe, an jibga ɗaurin auduga da ciyawa a kewayen tukunyar tururi. 'Yan Kudu suka cinna wuta a gaɓa, dare ya koma rana, amma jirgi ɗaya kawai aka rasa. Ranar 30 ga wata Grant ya ƙetara a Bruinsburg, ya ci faɗa biyar cikin ƙasa da mako uku, ya kora Janar Pemberton na Kudu cikin garin.

Sau biyu ya kai farmaki ana mayar da shi, sai ya yi musu ƙofar rago ta kwana 47. Mutanen gari suka haƙa ramuka a jikin tudu suka tare a ciki, aka ci naman alfadari, jaridar garin ta koma bugawa a bayan takardar ado ta bango. Ranar 4 ga Yuli kimanin mutum 29,000 suka ajiye makamai. Port Hudson ta bi sahu bayan kwana biyar, Kudu ta rabe biyu.

Ta yaya ake ƙetarar da runduna guda a inda ba gada?

In akwai mashigi a taka, in babu a yi gadar jirage. Ana jera ƙananan jirage gefe da gefe, a sa wa kowanne anga, a ɗora katako a kai, a zuba ƙasa ko ciyawa don kada dawaki su firgita. Da kekuna ake yawo da jiragen, kuma nan matsalar take. A Nuwamban 1862 rundunar Janar Burnside na Arewa ta isa gaɓar kogin Rappahannock, garin Fredericksburg na tsallake kusan ba mai tsaro, amma jiragen gada ba su iso ba sai bayan mako guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya shirya, Janar Robert Lee na Kudu ya cika tuddan bayan garin da sojojinsa. Ranar 11 ga Disamba maharba suka riƙa ɗauke masu ɗaura gadar ɗaya bayan ɗaya daga tagogin gidaje, har sai da aka loda sojoji a jiragen suka tuƙa zuwa tsallake. Bayan kwana biyu Arewa ta yi asarar mutum sama da 12,000.

An koyi darasi. A Yunin 1864 injiniyoyin Grant suka ɗaura gada mai jirage 101, tsawonta kusan mita 640, a kan kogin James cikin awa takwas ko ƙasa da haka, igwogi da kekuna da garken shanun yanka suka yi ta wucewa, Lee bai farga da wuri ba.

Wani lokaci ƙarancin ruwa ne masifar. A wannan shekarar kogin Red ya janye ya bar jiragen Porter a maƙale. Wani hafsa, Joseph Bailey, wanda ya saba da turo gungume ta ruwa a Wisconsin, ya sa aka datse kogin har ya taru, sannan jiragen suka bi ta ɓarakar suka fice.

Baƙar fata fa, me koguna suka zame musu?

Kogin Ohio shi ne iyaka tsakanin jihohin bauta da na 'yanci, bayi masu gudu suna kamanta shi da kogin Urdun. A daren farko na Yunin 1863 Harriet Tubman, baƙar fata da ta gudo daga bauta ta koma kuɓutar da wasu, ta raka jiragen Arewa da baƙaƙen sojoji cikin kogin Combahee, bayan ta tattaro bayanin inda aka dasa nakiyoyi daga mutanen da suka san ruwan. Da jiragen suka busa ƙaho, bayi suka fito daga gonakin shinkafa a guje. Ita da kanta ta ba da labarin wata mata da ta taho da tukunyar shinkafa a ka tana tururi, ga yara rataye da ita. Sama da mutum 700 suka kuɓuta.

Akwai kuma abin da ba a son tunawa. A Disamban 1864, a rafin Ebenezer na jihar Georgia, wani janar na Arewa, Jefferson C. Davis, takwaran shugaban 'yan Kudu amma ba shi ba ne, ya sa aka naɗe gadar jirage da zarar sojojinsa sun haye. Ɗaruruwan 'yantattun da ke biye da su suka rage a gaɓa, mahayan Kudu na tafe a bayansu. Wasu suka faɗa ruwa suka nutse, da yawa aka kama su.

In mutum ya je yau, me zai tarar?

A West Point an ajiye zobba 13 na sarƙar nan. A mashigar Delaware ana kwaikwayon fiton kowace Kirsimeti, in ruwa ya yarda. A Vicksburg akwai jirgin Cairo, ɗaya daga cikin bakwai ɗin Eads, wanda nakiya ta nutsar a kogin Yazoo a Disamban 1862, aka tsamo shi a 1964. Fort Henry kuwa yana ƙarƙashin tafkin da madatsar ruwa ta haifar a shekarun 1940.

Wanda ya tsaya a gaban tsohon garin Vicksburg yana kallon ruwa, ba Misisipi yake kallo ba. A 1876 kogin ya yanke kwanar da kansa, kusa da inda Grant ya sha wahalar haƙa, ya bar garin a gefe. Sai a 1903 aka karkato da ruwan Yazoo ta tsohuwar hanyar don jirage su sami wurin tsayawa.